Likitan Ido da Wuƙar Haske

A ƙauyukan Rano da Kibiya, idan yana ta rufe idon dattijo, noma ya tsaya, jikan da ya kamata ya tafi makaranta kuma ya koma ɗan jagora. Shi ya sa dangi ke haɗa kuɗin mota a nufi Kano, Asibitin Ido na ECWA ko na Makka, wurin likitan tiyatar ido.

Sana'arsa ta nutsuwa ce. Abin da yake aiki a kai bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Yana leƙe ta madubin ƙara girma, ya yi 'yar tsaga, ya zaro ƙwayar da ta dushe, ya sa ta roba a gurbinta. Idan bayan shekaru tantanin da ke riƙe da ita ya yi hazo, ba a sake yanka. Da hasken leza ake huda shi cikin 'yan mintuna, majiyyaci na zaune.

Akwai kuma lezar da ta fi wannan sauri nesa ba kusa ba. A 1985, a Jami'ar Rochester ta Amurka, Gérard Mourou da ɗalibarsa Donna Strickland suka gano dabarar miƙe walƙiyar haske, a ƙara mata ƙarfi, sannan a matse ta. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2018. Ana auna irin wannan walƙiya da femtosakan: a raba sakan ɗaya gida biliyan, a sake raba kowane gida miliyan. Kafin zafi ya yaɗu ta riga ta wuce, don haka tana raba tantanin ido ba tare da ƙona gefensa ba. Da ita ake yi wa miliyoyin mutane gyaran gani a duniya, da ita masana'antu ke yankan gilashi.

Na'urar tana da tsada, tana son lantarki marar yankewa da ƙwararren mai kula da ita, saboda haka yawancin aikin yana a ƙasarmu da hannu ake yi, kuma yana kyau. Amma lokacinta na tafe. Wajibi ne jami'o'in Bayero da Wudil su fara horar da matasan da za su sarrafa ta su gyara ta, domin manomin Kibiya ya samu wannan aiki a kusa, da kuɗin da zai iya biya.