Iyakar Nauyin da Leɓen Haɗi Zai Ɗauka a Na'urar Toshe Rijiyar Mai

Wannan na'ura ita ce ke danne mai ko gas idan sun taso da ƙarfi. Ana haɗa sassanta da leɓuna masu kusoshi, da zoben ƙarfe a tsakani. Adadin da maƙera ke bugawa a jikinta, kamar fam 10,000 kan inci murabba'i, ma'aunin matsi ne, ba na ɗauka ba. Saboda haka muke cewa a rataye ta a kunnuwan da aka tanada. A kuma lura da kusurwa: idan igiyoyi biyu suka kwanta zuwa digiri 30 daga shimfiɗe, kowacce na jan nauyin na'urar dungum. Leɓen da ya lanƙwashe ba ya matse zobe, sai ya yi yoyo ranar da rijiya ta taso.