Abin da ke sa waƙa yankewa a rediyon mota

Direbobin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram sun san wannan ɗan shirun: ana tsaka da jin waƙar Shata ko tafsiri, sai sauti ya ɗauke kafin kashi na gaba ya shigo. Wani har ya fara tunanin sayen sabuwar rediyo.

Laifin ba na rediyon kaɗai ba ne. Tsarin MP3 yana ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshen kowane fayil, rediyon kuma takan ɗan jinkirta kafin ta buɗe na gaba.

Mafita mai araha tana wurin masu tura waƙoƙi: su haɗe fayilolin a kwamfuta, su share shirun, sannan su zuba a memori. Sai dai tsallake waƙa zai yi wuya.