Wanda Zai Raka Ka Asibiti

A watan Fabrairun 2016, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da wani ƙiyasi mai tayar da hankali: muddin al'amura suka ci gaba yadda suke, ɗaya cikin kowane biyu na baƙaƙen fata maza masu neman maza a ƙasar zai kamu da ƙwayar HIV a tsawon rayuwarsa. A tsakanin fararen fata irinsu, ɗaya ne cikin 11. Na san batun yana da nauyi a kunnen wasu, to amma ƙwayar cuta ba ta jiran a gama jin nauyi.

Da jin adadin, sai mutum ya ɗauka sakaci ne ya yi musu yawa. Binciken da masanin nan Greg Millett da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 2012 ya rushe wannan zato. Baƙaƙen ba su fi fararen yawan abokan kwanciya ko wasa da kwaroron roba ba. Bambancin yana wajen talauci, rashin inshorar lafiya, da ƙarancin masu samun magani. Tunda kuma galibi junansu suke nema, ƙwayar sai ta yi ta zagaye a ƙaramar da'ira.

Ga kuma rashin yarda da asibiti. Daga 1932 zuwa 1972, a Tuskegee ta jihar Alabama, likitocin gwamnati suka zuba wa baƙaƙen maza 399 masu ciwon tunjere ido ba tare da yi musu magani ba, don su ga yadda ciwon zai ƙare da su. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ƙara da saurayin da ke ɓoye wa iyayensa da cocinsu halin da yake ciki, musamman mai neman maza da mata, ka ga mutumin da zai yi shekaru bai taka ɗakin gwaji ba.

Wannan giɓin ne baƙaƙen maza masu neman maza suka tashi cikewa da kansu. A 1985 Rainey Cheeks ya kafa ƙungiyar Us Helping Us a Washington, ma'anar sunan kuwa mu taimaki kanmu. A 1986 Charles Angel ya kafa Gay Men of African Descent a New York. Lokacin babu maganin kirki, jinya da binne abokai sun zama ruwan dare. A 2015 wasu masu ɗauke da ƙwayar suka kafa THRIVE SS a Atlanta, don wanda aka gaya wa sakamakonsa yau ya sami wanda ya ji irin wannan labari shekaru goma baya, kuma ga shi nan garau.

A irin waɗannan ƙungiyoyi, aikin mai rakiya, wato wanda zai raka ka asibiti, ba shi da ado. Ya zauna kusa da kai lokacin da za a huda yatsa, ya jira tare da kai mintuna ashirin ɗin da suka fi yini tsawo. Ya cika maka takardun neman tallafin magani, ya buga waya ranar komawa asibiti, in babu kuɗin mota ya zo ya ɗauke ka. Shi zai faɗa maka, da bakin da kake ganewa, cewa tun 2012 akwai ƙwayar rigakafi, PrEP, kuma tun ƙarshen 2021 akwai allurarta ta duk wata biyu. Shi zai tabbatar maka cewa mai shan magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i. Likita ma yana faɗin haka, amma a minti goma, kuma daga bayan tebur.

Sai dai a ganina an fi yabon waɗannan mutane fiye da biyansu. Da yawansu aikin sa-kai suke yi, ko su dogara da tallafin da ke iya yankewa kowace shekara. Mai rakiya yana iya kai mutum bakin ƙofa, ba shi ne zai biya kuɗin ba. Kusan rabin sababbin masu kamuwa da HIV a Amurka 'yan Kudu ne, kuma a can ne jihohi irin su Texas, Florida, Mississippi da Alabama suka ƙi faɗaɗa Medicaid, shirin inshorar lafiya na marasa ƙarfi.