Matashi Mai Galahanga da Jami'an Tsaro

Ƴan uwa masu karatu na gundumomin Magarya da Dungas, a garuruwanmu akwai yaran da ba sa amsa kira, ba sa kallon mutum ido da ido, kuma hayaniya tana firgita su. Likitoci suna kiran wannan hali galahanga. Da shi ake haihuwar yaro. Ba hauka ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021, mutum 1 cikin 127 yana da shi.

Ina haɗarin yake?

Yankinmu yana kan iyaka da Najeriya. Akwai shingayen jandarma da ƴan sanda a kan hanyoyi. Idan aka tsayar da irin wannan matashi, yana iya yin shiru, ko ya maimaita tambayar da aka yi masa, ko ya ruga da gudu. Wanda bai san shi ba sai ya zaci raini ne, ko rashin gaskiya. A kasuwa kuwa, da zarar ya gudu, wani na iya cewa ɓarawo ne.

Abin ya taɓa faruwa a Amurka. A shekarar 2020, a birnin Salt Lake, wata uwa ta kira ƴan sanda don a kai ɗanta mai shekara 13 asibiti. Yaron ya tsorata, ya gudu. Wani ɗan sanda ya harbe shi. Ya rayu, amma da munanan raunuka.

Me ya kamata mu yi?

1. Mu kai yaron asibiti a duba shi, mu adana takardar likita.
2. Mu gabatar da shi ga maigari da jami'an tsaron garinmu tun kafin wata matsala ta taso.
3. Mu sa masa takarda a aljihu mai sunansa, da garinsu, da lambar wayar mahaifinsa.
4. Ranar kasuwa, wani babba ya raka shi.

Ga jami'an tsaro kuwa, roƙonmu shi ne: ku yi masa magana a hankali, tambaya ɗaya bayan ɗaya. Kada ku yi masa tsawa, kada ku damƙe shi ba zato. Ku aika a kira iyayensa.

Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a shekarar 2008. Saboda haka kare wannan yaro haƙƙinsa ne a kanmu duka. Wanda ya karanta, ya sanar da maƙwabcinsa.