Fijon Mahaifina Da Darasin Sayen Taya

Cikin abubuwan da marigayi mahaifina ya bar mana akwai mota ƙirar Peugeot 504, wadda kowa a ƙasar nan ya fi sani da Fijo. Da aka zo rabon gado, 'yan'uwana ba su nuna sha'awarta ba, sai ta faɗo a kasona. Ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Marnona, kaji na kwana a ƙarƙashinta, har ranar da na yanke shawarar tashe ta. Bakanike ya wanke mata tanki, ya sauya batir da man inji, ya gyara birki, ta tashi da ƙarar nan tata da duk wanda ya girma a shekarun 1980 zai gane ko da idonsa a rufe. Tayoyi kuwa muka dube su, muka ga zanensu bai goge ba, muka ba su iska muka ce sun isa. Ashe kallon kitse muka yi wa rogo.

Wata ranar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, na ɗauko mahaifiyata da ƙanwata daga Goronyo bayan la'asar. Muna cikin tafiya sai na ji ƙara kamar harbin bindiga, bayan motar ya fara wutsil-wutsil. Allah Ya taimake ni ban danna birki da ƙarfi ba, na riƙe sitiyari har ta tsaya a gefen hanya. Tayar baya ce ta yi bindiga, fatarta ta saɓule daga jikin wayoyinta. Na ciro tayar ajiya, na tarar ita ma gefenta duk ya tsattsage. Duk wanda ya san halin tsaron da gabashin Sakkwato ke ciki a shekarun nan ya san abin da ake nufi da mutum ya tsaya a daji da mata biyu, rana na shirin faɗuwa. Mahaifiyata ba ta ce uffan ba, sai jan carbi. Da wannan tayar ajiya muka lallaɓa, kamar masu tafiya a kan ƙwai, muka shiga gida ana kiran magariba.

Washegari na kai tayar wurin wani dattijo mai faci. Ya juya ta, ya goge gefenta da tsumma, ya nuna mini wasu lambobi uku a ƙarshen wani dogon rubutu da ya fara da haruffan DOT. Ya ce, "Malam, wagga taya ta girmi ɗanka na fari. Zanenta kurum ka duba, ba ka tambayi shekarunta ba." Daga wannan rana na shiga bincike, kuma abin da na fahimta shi nake son in raba da mai karatu, domin na san ba ni kaɗai ke riƙe da tsohuwar mota a ƙasar nan ba.

Abu na farko shi ne shekarun taya. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Rana da zafi da iska suna busar da ita, ta ƙeƙashe, danƙon da ke riƙe ta da wayoyin ciki ya saki. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ake sawa: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Idan kuwa lambobi uku ka gani, kamar yadda na gani a tawa, to an yi ta kafin shekarar 2000, kuma ba ta da wurin zama sai gindin rijiya ko hannun masu yanka takalmi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen direbobi cewa taya ta wuce wa'adinta bayan shekara 4 da ƙera ta. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa ita ce a riƙa kai taya ga masani yana duba ta kowace shekara da zarar ta yi shekara 5 tana aiki, kuma kada a wuce shekara 10 ko da zanenta na nan. Ko wanne mutum ya bi, zafin ƙasarmu ya isa ya sa ya karkata ga wa'adi mafi gajarta.

Abu na biyu shi ne girma. A nan ne mai tsohuwar mota ke shan wahala, domin kasuwa ta bi sababbin motoci. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar Peugeot da ke Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, alhali Faransa ta daina yin salun ɗinta tun 1983. Abin da ya sa ta karɓu a Afirka shi ne tsayinta daga ƙasa da juriyarta ga ramuka, kuma taya na da kaso a cikin wannan. An tsara salun ɗin ne da taya mai lamba 175 R14, wato faɗin milimita 175, a kan wili mai inci 14, da gefe mai tsayi wanda ke shanye dukan hanya kafin ya kai ga ƙashin mota.

Yau idan ka shiga shagon taya a birnin Sakkwato ka ambaci wannan lamba, sau da yawa za a miƙo maka 185/70 R14 a ce ai duk ɗaya ne tunda ta shiga wili. Ba ɗaya ba ne. Lambar tsakiya tana nuna tsayin gefen taya ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗinta. Wadda ta fi kusa da ta asali ita ce 175/80 R14. Idan ka lissafa, 185/70 ta gaza ta da kusan santimita 2 a tsaye, ma'ana cikin motarka ya sauko da kusan santimita 1, agogon gudu kuma ya riƙa nuna maka fiye da abin da kake yi da kusan kashi 3 cikin ɗari. A kan kwaltar birni wannan ba wani abu ba ne. A hanyoyin ƙauyukan Rabah da fadamun Wurno, inda rairayi da kwazazzabo ke jiran tukunyar man inji, santimita ɗaya na iya zama bambanci tsakanin wucewa da kwana a hanya. Idan ba a samu ta asali ba, 185/75 R14 ta fi kusa da ita a tsayi.

Abu na uku shi ne nauyi, kuma a nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Motocinmu ba mutane kaɗai suke ɗauka ba. Ranar kasuwar Achida ko ta Goronyo za ka ga tsohuwar Fijo wagon ko a-kori-kura an lafta mata buhunan albasa da tafarnuwa da shinkafa har bayanta na shirin taɓa ƙasa. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 88T. Lambar 88 na nufin tayar na iya ɗaukar kilo 560, 91 kuwa kilo 615. Harafin yana nuna iyakar gudu: S kilomita 180 a awa, T kuma 190. Mai ɗaukar kaya ya nemi taya mai harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 185 R14C, wadda aka ƙarfafa domin lodi, kuma irinta mai lamba 102 tana ɗaukar kilo 850. Wanda ya sa tayar salun a motar dako ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Sai batun da ya fi kowanne ɗaci, wato tayar hannu da ake kira tokumbo. Na san dalilin da ke kai talaka gare ta, domin ni ma aljihuna ya yi mini wannan raɗa. A da ana yin taya a cikin ƙasar nan. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya biyo baya a Legas a 2008, daga nan muka koma dogaro da ta waje, kuma duk lokacin da Naira ta faɗi farashinta ke tashi. Amma ya kamata mai saye ya san cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da dokar ƙasa ta hana shigowa da su. Masu fasa-ƙwauri kan cusa taya cikin taya don su rage wuri, abin da ke lanƙwasa wayoyin bakinta ta inda ido ba ya gani. Wasu kuma tayoyin hunturun Turai ne, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi robarsu da laushi domin sanyi, ba domin kwaltar Sakkwato a watan Afrilu ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan kam har rai tana iya ci.

Akwai wata al'ada da na tarar a wurin direbobinmu da ke buƙatar gyara: rage wa taya iska a lokacin bazara wai don kada ta fashe. Akasin haka ne gaskiya. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin kuma shi ke raba roba da waya. A auna iska da safe kafin mota ta motsa, a bi adadin da masu motar suka rubuta. Haka kuma a duba wili, domin tsohon wilin da tsatsa ta ci bakinsa ba ya riƙe iskar taya marar tub. Idan kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, domin idan baya ya kufce wa direba ya fi wuyar shawo kai, kamar yadda na gani da idona. Zane kuma idan zurfinsa ya gaza milimita 1.6, aikin taya ya ƙare ko da bara aka yi ta.

A ƙarshe na sayar da ragon da nake kiwo, na haɗa da abin da ke hannuna, na sayi sababbi huɗu. Na tsaya a kan kowacce na karanta lambarta kafin in biya, har mai shagon ya ce, "Alhaji, ko kai ma sana'ar kake yi?" Ta biyar na saye ta bayan wata biyu, domin na koyi cewa tayar ajiya ba wurin jefa wadda ta mutu ba ne.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu da jami'an kiyaye haɗurra da su koya wa direbobi da masu faci karanta waɗannan lambobi da Hausa, tun kafin a kai ga kama mutum a shingen bincike. Karatun bai wuce na minti biyar ba. Mahaifina ya riƙe motar nan fiye da shekara ashirin, ya kai masu naƙuda da marasa lafiya asibiti a Sakkwato cikin dare ba adadi, kuma ban taɓa jin ta bar shi a hanya ba. Sai yanzu na tuna cewa kowace safiya, kafin ya shiga, sai ya zagaya ta ya duƙa ya dubi ƙafafunta huɗu. Ni ma yanzu haka nake yi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.