Haihuwa da jego: Taimakon da likitan fisiyo ke bai wa mata

Mata da yawa kan fita arba'in da larurar da ba sa iya faɗa wa kowa. Da zarar mace ta yi tari ko atishawa, ko ta ɗaga bokitin ruwa, sai fitsari ya ɗiso mata. Alwala ta karye, ta sake wata, ta yi gum saboda kunya. Wata kuma ciwon baya ne ke hana ta goyo, a ce mata ta yi haƙuri, haka haihuwa ta gada. Alhali duka biyun ana magance su a sashen fisiyo, wanda aka fi sani da sashen gashin ƙashi.

Aikin likitan fisiyo yana farawa ne tun kafin naƙuda. Yakan koya wa mai ciki yadda za ta ja numfashi a hankali idan ciwo ya taso, da yadda mai taya ta zama za ta riƙa danna mata ƙugu don samun sauƙi. A ƙa'idojin da ta fitar a 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar mai naƙudar da ba ta da wata matsala ta riƙa tattaki, ko tsayuwa, ko durƙuso, maimakon kwanciya rigingine tun daga farko. Hakan kan rage tsawon matakin farko na naƙuda.

Ɗigar fitsari bayan haihuwa kuwa daga naman ƙasan mara take, wanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa. Nauyin ciki da nishi ne ke sassauta shi. Atisayen da wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948 yana ƙarfafa shi: mace ta matse gabanta kamar mai riƙe fitsari na daƙiƙa 5, ta saki, ta maimaita sau 10, sau 3 a rana, har wata 3. Ba a yin sa lokacin fitsari.

Wannan daban yake da yoyon fitsari, inda fitsari ke zuba dare da rana, wanda sai an yi tiyata. Haka nan idan doguwar naƙuda ta danne jijiya har mace tana jan ƙafa, a gaggauta kai ta asibiti, domin gashi da wuri ya fi amfani.

Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ta jira izinin likita kafin ta fara atisayen ciki.

Asibitocin koyarwa kamar na Shika a Zariya da na Jos suna da sashen fisiyo. Awon da ake komawa a mako na 6 ya zo daidai da fita arba'in, don haka uwargida ta faɗi damuwarta a nan, ta nemi a tura ta. Maigida kuma ya tambaya, ya ba da kuɗin mota.