Sauyin yanayi ko ciniki: wace doka ƙasa za ta bi?

Ƙasashe da dama sun rattaba hannu a kan alkawura iri biyu: na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, da na Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, wadda ta hana fifita kayan gida a kan na waje. Wani lokaci cika ɗaya yakan jawo saɓa ɗayan.

Taƙaddamar Indiya da Amurka misali ce. A 2010 Indiya ta ƙaddamar da shirin samar da lantarki daga hasken rana, tare da sharaɗin cewa wasu ayyukan za su yi amfani da farantan da aka ƙera a cikin ƙasar.

Amurka ta kai ƙara gaban WTO a 2013. Indiya ta kafa hujja da alkawuranta na yanayi, amma a 2016 aka yanke hukunci cewa sharaɗin ya saɓa ƙa'ida.

Ra'ayoyi sun rabu

Hukuncin ya raba kan jama'a. Ƙungiyoyin kare muhalli, har da na Amurka irin su Sierra Club, sun soki gwamnatinsu. Masu masana'antu a Indiya na ganin an toshe musu hanyar samar da ayyukan yi, yayin da masu kafa tashoshin lantarki suka fi son farantai masu rahusa daga ƙetare.

Daga bisani reshe ya juye da mujiya. Indiya ta kai ƙarar wasu jihohin Amurka 8 bisa irin wannan fifiko, ta kuma yi nasara a 2019. A 2023 ƙasashen biyu suka sasanta.

Bambancin dokokin biyu

Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta bar wa kowace ƙasa ta tsara burinta, ba tare da hukunci ga wadda ta gaza ba. Dokokin WTO kuwa sun ba da damar ramuwa ta hanyar ƙarin haraji, ko da yake sashen ɗaukaka ƙara na ƙungiyar ya daina aiki a Disamban 2019.

Abin da rikicin ya nuna shi ne mutane sukan goyi bayan dokar da ta kare musu hanyar abinci. Ita ce kuma muhawarar da ake yi kan harajin hayaƙi da Tarayyar Turai ta ɗora wa ƙarfe da siminti da takin zamani, wanda Indiya da Afirka ta Kudu ke ɗauka a matsayin shingen ciniki.